ZIYARAR TSOFAFFIN GANUWOYI

1. Tudun da ke bayan gari

Duk wanda ya saba tafiya cikin ƙasar Katsina, ko Kano, ko Zazzau, ba zai rasa ganin wani dogon tudu a bayan tsofaffin garuruwa ba. Tudun nan ba shi da bisa ƙwarai, amma ya miƙe ya yi nisa, ya lanƙwasa ya kewaye gari. Awaki suna hawansa, yara suna wasa a kansa. Wani wuri an haƙe shi an buga tubali, wani wuri kuwa garma ta bi ta kansa ta baje shi. Da yawa cikin masu wucewa ba su san ko mene ne ba. To, wannan tudu ganuwa ce ta mutu ta kwanta.

A cikin wannan darasi za mu duba yadda wata al'umma mai nisa, watau mutanen Sikotilan, suka riƙe gine-ginen yaƙi na kakanninsu, har mutane suna zuwa daga uwa duniya don kallo. Sa'an nan mu komo gida, mu duba namu, mu ga yadda aka gina su, da abin da ya kashe su, da yadda mutumin Ƙanƙara, ko na Faskari, ko na Sabuwa zai ziyarce su ya komo da ilmi.

2. Sorayen dutse na Sikotilan

Sikotilan ƙasa ce da ke arewa da Ingila. Tsibiri ɗaya su ke, babu teku tsakaninsu. Ƙasa ce mai duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama. A zamanin da tana da sarkinta dabam, ta kuwa daɗe tana gaba da Ingila. Sai a 1603 sarki ɗaya ya haɗa sarautun biyu, a 1707 kuma aka haɗa majalisunsu.

Saboda yawan yaƙi, sarakunan ƙasan nan da hakimansu suka riƙa gina wa kansu manyan soraye na dutse, masu kaurin bango da ƙananan tagogi, su kewaye su da katanga mai tsawo. Da bakinsu suna ce wa irin wannan gini kasul. Cikinsa sarki ya ke kwana da iyalinsa da bayinsa da mayaƙansa, cikinsa kuma a ke ajiye makamai da abinci da dukiya.

Wanda ya fi suna shi ne na Edinbara, babban birnin ƙasar. An gina shi bisa wani ƙaton dutse a tsakiyar gari. Ta gefe uku dutsen ya miƙe tsaye kamar bango, ta gefe ɗaya kaɗai a ke iya hawa da doki. A can ƙololuwa akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada, wanda Sarki Dauda na Ɗaya ya gina wajen 1130 don tunawa da mahaifiyarsa. Babu ginin da ya girme shi a birnin duka, yana nan tsaye da rufinsa.

A 1314 soron nan yana hannun Ingilishi. Sarkin Sikotilan na lokacin, Robert Bruce, ba shi da kayan fasa bango. Sai wani jarumi cikin danginsa ya zaɓi mutum wajen 30, suka bari dare ya tsala, suka bi ta gefen da kowa ya ke tsammani ko biri ba ya iya hawa, suka ɗora tsani suka dira ciki. Kafin gari ya waye soro ya koma hannun masu shi. Da Sarki ya samu, sai ya sa aka rushe katangunsa, don kada abokan gaba su sake kama shi su zauna masa a ka. Ɗakin ibadan nan kaɗai ya ce a bari. Daga baya aka sake gina sauran. A cikinsa har yanzu akwai wata tsohuwar igwa da aka ba sarkinsu kyauta a 1457, harsashinta dunƙulallen dutse ne wanda ya fi buhun gero nauyi.

Akwai wani kuma a kudancin ƙasar, kusa da iyakar Ingila, ana ce masa Kalabarok. Shi a fili ya ke, ba bisa dutse ba. Kusurwa uku gare shi kamar murhu, an haƙa rami mai faɗi an kewaye shi, an cika da ruwa, ba a shiga sai ta kan gada guda. A shekarar 1300 Sarkin Ingila ya zo da runduna ta dubbai ya kewaye shi, ya yi ta jifansa da manyan duwatsu. Da na ciki suka gaji suka buɗe ƙofa, sai aka ga ashe mutum wajen 60 ne kurum. Tun 1640 ba a sake zama cikinsa ba, rufinsa ya faɗi, amma bangonsa da raminsa suna nan.

Me ya sa waɗannan gine-gine suka daɗe haka? Dalili biyu ne. Na fari, da dutse da farar ƙasa aka gina su, ruwan sama ba ya narkar da su. Na biyu, tun 1882 aka kafa doka a ƙasarsu ta tsare kayan tarihi, aka kuma sa ma'aikata masu duba su. In dutse ya girgiɗe a gyara shi, in ciyawa ta tsiro a bango a cire ta. Mai son kallo ya biya kuɗin shiga, a ɗauki kuɗin a yi gyara da shi. A 2019 mutum fiye da miliyan 2 suka shiga soron Edinbara.

3. Baƙon da ya auna ganuwar Kano

Akwai wani gari ba nisa da Kalabarok, sunansa Anan. A nan aka haifi wani matafiyi mai suna Clapperton a 1788. Ya ƙetaro hamada daga Tarabulus ya sauka Barno, daga nan ya iso Kano cikin watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Mutanen ƙasarmu suna kiransa Abdullahi. Daga Kano ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya biyo ta Katsina a kan hanyar komawa. Ya sake zuwa karo na biyu, ya rasu a Sakkwato a 1827.

Mutumin nan ya tashi cikin ƙasar sorayen dutse, amma da ya ga ganuwar Kano bai raina ta ba, sai da ya rubuta labarinta. Ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsawonta ƙafa 30, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ga rami a ciki da waje. Ya kuma lura da wani abu: gidajen mutane ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Bisa ga lissafin tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwan nan. Ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa aikin. Ka ga ke nan, sa'ad da Sarki Dauda ya ke gina ɗakin ibadarsa a Edinbara, Kanawa suna can suna kwaɓa ƙasar ganuwarsu. Daga baya Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17.

Ta Katsina ma ba baya ba ce. Masu tarihi suna danganta ginin ta da Sarki Ali Murabus, wajen ƙarni na 16. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya gan ta a 1851. Ya ce kewayenta mil 13 ne ko 14, tsawonta wajen ƙafa 30, ko da ya ke a lokacin mutanen da ke ciki sun ragu ƙwarai saboda yaƙe-yaƙe. Sunayen ƙofofinta suna nan a bakin kowa: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, da Ƙofar Marusa. A Zazzau kuwa, da garuruwa da yawa na kewaye, in ka tambayi wanda ya gina tsohuwar ganuwa, sai a ce maka ganuwar Amina ce.

Kada ka yi tsammani Hausawa ba su san ginin dutse ba. A Surame, birnin da Kanta Sarkin Kabi ya gina a ƙarni na 16, cikin Jihar Sakkwato ta yanzu, da dutse aka yi ganuwa, sauranta kuwa yana nan cikin daji. Abin da ke kusa da mutum shi ya ke gini da shi. Inda dutse ya yawaita an ɗora dutse, inda jar ƙasa ta yawaita an kwaɓa ƙasa.

4. Yadda a ke gina ganuwa

A zamanin da, ba a fara aikin ganuwa sai da rani, bayan an kai amfanin gona gida. Sarki ya sa a yi shela, a raba aiki. Kowace unguwa da kowane ƙauye a yanka musu nasu rabo, daga nan zuwa can. Magina su ne idon aiki, sauran jama'a su haƙa, su ɗebo ruwa, su miƙa.

Da fari a haƙa ƙasa daga waje. Ramin da ya saura shi ne gwalalo. Watau jifa ɗaya tsuntsu biyu: ƙasar ta zama bango, ramin ya zama tarko ga dokin abokin gaba. A bakin gwalalo a kan bar sarƙaƙiya da sauran itatuwan ƙaya su yi duhu, har mai tafiya ƙasa ma ba ya ratsawa sai da gatari.

Ƙasar da aka haƙa a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana kwanaki, a sake tattakewa. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya a rana. In ya bushe a jera shi, tsini yana duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Gindin ganuwa a kan yi shi da kauri ƙwarai, tana hawa tana sirancewa. Na Kano a wasu wurare ya kai ƙafa 40.

Daga ciki a kan bar wani dakali a jikinta, inda mutum zai tsaya kansa kaɗai ya leƙa waje. Wannan ita ce badala. Nan 'yan baka su ke jeruwa da kwari a kafaɗa. Ƙofa kuwa ba a yin ta da faɗi, sai daidai yadda raƙumi da kaya zai wuce. Sau da yawa a kan janye ta ciki, bango ya fito ta dama da hagu, don wanda ya zo fasa ta ya sha kibiya ta gefe biyu. Ƙyauren na katako ne mai kauri, a kan lulluɓe shi da ƙarfe ko fata. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta. Rana na faɗuwa ya rufe, wanda ya makara sai ya kwana waje, ko ɗan wane ne.

Aiki bai ƙare ranar da aka gama gini ba. Kowace damina ruwa ya kan ci jikin ganuwa, ya tsaga ta, ya zubar da kanta. Saboda haka kowace shekara sai a sake fitowa, kowa ya koma rabonsa ya yaɓe. Garin da ya yi sakaci shekara biyu uku, abokan gaba su kan ji labari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5. Bambancin soro da ganuwa

Yanzu mu koma ga abin da Clapperton ya lura da shi. Me ya sa aka kewaye fili mai yawa haka, alhali gidaje kaɗan ne? Domin ba a gina ganuwa saboda mutanen birni kaɗai ba. Ran da aka ji ƙugen yaƙi, mutanen ƙauyuka su kan kwaso 'ya'yansu da shanunsu da hatsinsu su shigo. Dole a sami inda za su sauka, da inda dabbobi za su yi kiwo, da gonakin da za a noma in an daɗe a kewaye. Shi ya sa za ka ga rijiyoyi da kududdufai da gonaki cikin ganuwa. A Kano har duwatsu biyu aka sa ciki, Dala da Goron Dutse, inda mai tsaro ya ke hangen ƙurar dawaki tun daga nesa.

Soron Sikotilan gidan sarki ne ko na hakimi, filinsa kaɗan ne, ba ya ɗaukar jama'ar ƙasa. Suna da garuruwa masu katanga su ma, amma abin da suka fi ba ƙarfi shi ne soro. Mu kuwa abin da muka fi ba ƙarfi shi ne bangon da zai kewaye sarki da talaka, da maƙeri da majemi, da baƙon da ya kwana a zauren fatake. Jama'a suka gina ta, jama'a ta tsare, kuma ba ta iya rayuwa sai jama'a suna fitowa kowace shekara. Soron dutse in an manta da shi shekara 100 a kan tarad da shi tsaye. Ganuwar ƙasa in an manta da ita shekara 100 sai a tarad da tudu.

6. Ƙasarmu ta kudu

Kudancin ƙasar Katsina shi ne mutanen da su ke kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai danƙo ce, ba rairayi kamar ta arewa ba. Ruwan sama ya fi yawa a nan, dawa da auduga suna yi, ga manyan duwatsu sun tsaya nan da can cikin daji. A da, hanyoyin fatake masu zuwa Nufe da Gwanja ta wannan yanki su ke ratsawa. Inda dukiya ta ke wucewa kuwa, mai ƙwace ba ya nisa.

Tun kafin Jihadi akwai tsofaffin garuruwa a wannan yanki: Maska, da Gozaki, da Kogo, da Pauwa, can yamma kuma 'Yandoto garin malamai da Kwatarkwashi, waɗanda yanzu su ke cikin Jihar Zamfara. Waɗansu sun ƙaura, waɗansu sun ƙanƙance, amma sunayensu ba su ɓace ba. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa a ke ce masa. Sarautar Kogo tana nan cikin sarautun Katsina, Birnin Kogo kuma yana cikin ƙasar Faskari.

Sunan gari shi kansa shaida ne, in ka iya sauraronsa. Inda ka ji an ce wa tsohon gari Birnin kaza, to, galibi an taɓa yin ganuwa a wurin, don a da ba a kiran gari birni sai yana da ita. Inda ka ji Kafin kaza, garin bai kai ƙarfin ganuwa ba, sai aka kafa itatuwa a jere aka kewaye shi, aka haɗa da ƙaya da rami. Inda ka ji Tungar kaza, ƙaramin mazauni ne na manoma ko maharba. Waɗansu kuwa ba su wahalar da kansu da dogon gini ba, sai suka zauna gindin dutse. In an ji motsi su hau, su shige kogo, su jera duwatsu su toshe mashiga. Dabarar mutanen Edinbara ke nan, ba wanda ya koya wa wani.

A 1807 Malam Ummarun Dallaje da jama'arsa suka ci birnin Katsina. Sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka zauna Maraɗi wajen 1819. Tun daga nan har kusan ƙarshen ƙarnin ba a huta ba. Maraɗawa da Gobirawan Tsibiri su kan biyo ta dajin Rugu su faɗa wa garuruwa, a zamanin Ɗan Baskore har cikin ƙasar Kano su ke kai hari. Daga wannan gefe kuma aka yi ta gina garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, bisa ga umurnin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi kansa a ribaɗinsa na Wurno ya rasu a 1837. A wannan zamani manomi ba ya nisa da ƙofa, in zai tafi gona da baka ya ke tafiya.

7. Abin da ya kashe ganuwa

Abu huɗu suka taru suka kashe ta.

Na ɗaya igwa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Turawa suka iso Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Harsashin igwarsu bai iya huda jikin ganuwa ba, sai ya nutse cikin ƙasa. Da suka ga haka suka koma kan ƙyaure, suka fasa Ƙofar Kabuga suka shiga. Gwamna Lugga da kansa ya yi mamakin girmanta da ya gan ta. A cikin wannan shekara ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, ba a yi yaƙi ba. Daga ran nan kowa ya gane bango ba ya tare irin wannan makami.

Na biyu zaman lafiya. Da hari ya ƙare, mutane suka sauko daga duwatsu, suka fita daga ganuwa, kowa ya kafa gida kusa da gonarsa. Hanyar jirgin ƙasa ta biyo ta Funtuwa ta kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, kasuwa ta koma bakin tasha da bakin titi. Aka daina shelar gyaran ganuwa.

Na uku ruwan sama, wanda bai fasa aikinsa ba ko shekara guda.

Na huɗu hannunmu. Mai son gini ya ga ƙasa a tare, an riga an tankaɗe masa, sai ya kawo jaki. Mai neman fili ya baje ya kafa shago. Gwalalo ya zama juji. A manyan birane an rushe tsofaffin ƙofofi da yawa don mota ta wuce, an sake gina su da siminti. Akwai doka: tun 1953 aka kafa ta a Nijeriya, a 1979 kuma aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa. A 2007 an sa ganuwar Kano da kufan Surame cikin jerin wuraren da Nijeriya ta ke neman duniya ta san da su. Amma doka tana takarda, mai jaki yana bakin ganuwa da asuba. Ba mai hana shi sai maƙwabcinsa.

Mutanen wannan yanki sun san abin da kakanninsu suka ji in an ce mahara sun fito daga daji. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora yara fiye da 300 cikin daji, sai bayan kwana 6 aka sako su. Garuruwan Faskari da Sabuwa su ma sun sha irin wannan wuya. Bangon ƙasa ba zai tare bindigar zamani ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma wanda ya duba ganuwa da idon basira zai ga abin da ya tsayar da ita: gari guda ya yarda da magana guda, kowa ya san rabonsa, akwai mai tsaro a ƙofa, kuma baƙo ba ya kwana sai an san mai masaukinsa.

8. In za ka ziyara

Gani ya kori ji. Ga yadda za ka yi.

Na fari, ka fara da garinku. Ka je wurin mai gari ko mai unguwa ka gai da shi, ka gaya masa abin da ka ke so. Shi zai haɗa ka da dattijon da ya san wurin. Kada ka shiga daji neman kufai sai hukuma da mutanen gari sun tabbatar maka hanya lafiya. Tarihi ba ya gudu, rai kuwa guda ne.

Na biyu, ka tafi da rani, da sassafe. Lokacin nan ciyawa ta bushe, inuwa kuma tana da tsawo, tudun da ba ka gani da tsakar rana sai ya fito sarai. Ka riƙe sanda saboda maciji.

Na uku, ka nemi alamu. Dogon tudu da kwari a gefensa, ganuwa ce da gwalalonta. Inda tudu ya yanke, tsohuwar hanya ta ratsa, nan ƙofa ta ke. Kukoki da yawa wuri guda cikin daji, da fasassun tukwane, da dutsen niƙa, da ramukan marina, da kashin tama, duk suna nuna an yi gari a wurin.

Na huɗu, ka auna. Ka bi tudun da ƙafa kana ƙirga taku. Taku 2,000 wajen mil guda ne. Ka zana kewayen a takarda, ka sa gabas da yamma, ka sa ƙofofi da rijiyoyi.

Na biyar, ka tambaya ka rubuta. Wa ya kafa garin? Daga ina ya zo? Mene ne sunan kowace ƙofa? Wane yaƙi aka yi a nan? Wace shekara aka bar gyara, zamanin wane hakimi? Ka rubuta sunan wanda ya gaya maka da ranar da ya faɗa. In dattijo biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyu, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

Na shida, kada ka ɗauke kome, kada ka haƙa, kada ka rubuta sunanka a bango. Abin da ka tsinta ka nuna wa mai gari.

In Allah ya hore maka kuɗin mota, ka je Katsina ka ga sauran ganuwa da ƙofofi, da hasumiyar Gobarau, da gidan tarihi da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. In ka kai Kano ka hau Dala ka dubi birni, sa'an nan ka shiga Gidan Makama ka ga kayan mutanen da.

Kai da ka koyi karatu da rubutu da girmanka, kana da abin da kakanka ba shi da shi. Shi ya san sunayen ƙofofi amma ba ya iya ajiye su sai a ka. Jikanka zai iya rubutu, amma watakila ba zai tarad da mai gaya masa ba. Kai ne a tsakani. Ɗan littafi da fensir guda sun isa. In ka gama, ka karanta wa jama'a a dandali, ka kai wa malamin makarantar garinku ya kwafa. Ran da mutanen gari suka san sunan tudun da ke bayan gidajensu, mai jaki zai ji kunyar kai masa sungumi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan magabata.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai biyu suka sa sorayen Sikotilan suka daɗe?
2. Wane sarki ya fara ganuwar Kano, wa ya ƙarasa ta?
3. Mene ne gwalalo, mece ce badala?
4. Don me a ke barin gonaki cikin ganuwa?
5. Mene ne bambancin birni da kafi da tunga?
6. Rubuta sunayen ƙofofin garinku, ko na tsohon garin da ya fi kusa da ku, da sunan wanda ya gaya maka.